Rediyo mai katin memori don addu'ar iyali: wanne za a saya, kuma yaya za a yi amfani da shi da yara

A kasuwar Garwa da ta Marwa, har da ƙananan shagunan Mokolo da Gidar, duk a arewacin Kamaru, da wuya ka leƙa rumfar masu kayan lantarki ba ka ga ƙaramin rediyon nan mai cin katin memori ba. Yana kama FM, yana da ramin kati da na USB, da tocila a gefe, wasu kuma da ɗan faifan sola a bayansu. Sunayen da ake bugawa a jikinsu sun fi a ƙirga, amma kayan cikinsu kusan ɗaya ne, kuma yawanci daga Sin ake kawo su. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe suna jin karatun Alƙur'ani da wa'azi da shi. Yanzu gidajen Kirista da yawa sun mai da shi mai karanta musu Littafi Mai Tsarki da dare, musamman inda uwa ko uba ba su iya karatu sosai ba, ko inda ido ya fara rauni. Cikin masu sujada da Hausa a garuruwan kan iyaka, da 'yan'uwanmu na yankin Gwoza da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo tun da aka buɗe shi a 2013, akwai gidaje da dama da ba su da wani mai karatun sai shi.

Hukuncina shi ne ya cancanci a saya, amma da sharaɗi biyu. A sayi mai maɓallan lamba, sannan a samu babba guda da zai riƙe shi a hannu duk lokacin da yara ke ji. In aka rasa na farko za a sha wahala. In aka rasa na biyu, ta fuskar tarbiyya dai kuɗin ya tafi a banza.

Jikin rediyon

Iri uku ake yawan gani. Akwai mai maɓallin kunnawa da na gaba da na baya kawai, ba fuskar da ke nuna lamba. Akwai mai lambobi daga 0 zuwa 9 da 'yar fuska mai jan rubutu. Akwai kuma lasifikar Bluetooth mai walƙiyar fitilu kala-kala, wadda don kiɗa aka yi ta. Na tsakiyar ne namu. Sabon Alkawari sura 260 ne, kowace sura kuma fayil guda. Idan shi kaɗai ke kan katin kuma an jera shi daidai, Matiyu zai kama daga 1 zuwa 28, Markus 29 zuwa 44, Luka 45 zuwa 68, Yahaya 69 zuwa 89, Ayyukan Manzanni 90 zuwa 117. Mai son Markus 10 sai ya danna 38, mai son Luka 15 ya danna 59, Afisawa 6 kuma 174. Da rediyon da ba shi da lambobi, kafin ka kai Afisawa 6 sai ka latsa "gaba" sau 173, yara kuwa sun riga sun watse.

Batir iri biyu ne. Akwai falale irin na tsohuwar wayar Nokia, BL-5C, wanda na ainihinsa ma bai wuce mAh 1,000 da 'yar ɗoriya ba (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Akwai mulmulalle dogo, 18650, mai volt 3.7, shi ne ya fi. Mai kyau yakan ɗauki mAh 2,000 zuwa 3,500, nauyinsa wajen giram 45. Duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce, babu batir mai wannan girma da ke ɗaukar haka, kuma in ka ɗaga shi a hannu za ka ji shi sakayau. A tabbatar murfin batirin yana buɗuwa. Rediyon da aka liƙe batirinsa a ciki da dalma, ranar da batirin ya mutu sai an kai wa mai gyara, in ba haka ba shi ke nan.

Faifan solar da ke bayansa shi ne abin da masu shago suka fi kurantawa, shi ne kuma ya fi ba da kunya. Faifai mai girman tafin hannu bai cika wuce watt ɗaya ba. A rana mai ƙarfi zai ba da kamar mA 150, wato batir mai mAh 2,000 zai buƙaci sama da awa 13 na rana tsantsa kafin ya cika, kwana biyu ko uku ke nan. Abin da ya fi wannan muni shi ne faifan a manne yake da rediyon, don haka shanya shi shanya batirin ne. Batirin lithium ba ya son caji in zafinsa ya haura digiri 45, a Garwa da Marwa kuwa cikin Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce 40. Baƙar roba a kan kwanon rufi da tsakar rana ta wuce nan nesa. Abin da ke biyo baya shi ne batir ya kumbura ko ya daina riƙe caji cikin 'yan watanni. A shanya shi daga fitowar rana zuwa hantsi kawai, ko a yi masa caji ta USB da cajar waya mai volt 5, ko da faifan sola na daban mai doguwar waya, faifan a rana rediyon a inuwa. Batirin da ya kumbura a cire shi nan take, a kawar da shi daga inda yara ke wasa, kada kuma a jefa shi a wuta.

Katin, inda yawancin matsala take

Babu buƙatar babban kati. Sauti na MP3 a kan kbps 64 yana cin wajen megabait 29 a awa guda, don haka ko awa 100 na karatu bai kai giga 3 ba. Kati mai giga 4 ko 8 ya isa dukan sura 1,189 na Littafi Mai Tsarki har da saura. Kada a sayi mai giga 64, domin da tsarin exFAT yake zuwa, yawancin waɗannan rediyoyi kuwa FAT32 kaɗai suke karantawa. Za ka sa shi ka ji shiru ka ɗauka rediyon ne ya lalace. Katin jabu ma ya yi yawa: yana nuna giga 32 alhali ɗan kaɗan yake ɗauka, fayilolin farko su yi aiki, na ƙarshe su ƙi buɗuwa. Gwajinsa mai sauƙi ne, bayan an gama zubawa a kunna fayiloli uku na ƙarshe a ji su har ƙarshensu.

Ga abin da ke rikita mutane da yawa. Yawancin rediyoyin nan ba sa duba sunan fayil, jerin yadda aka zuba su a katin suke bi. In aka kwashe duka lokaci guda daga kwamfuta, sai ka ji Romawa ya rigayi Markus. Maganinsa a fara goge katin tas a kan FAT32, a sa wa fayiloli lamba mai gurbi uku, 001, 002, har 260, sannan a zuba su littafi bayan littafi, a jira ɗaya ya gama shiga kafin a tura na gaba. Daga nan a rubuta jerin lambobin a takarda a manna a bayan rediyon. Saƙon murya na WhatsApp da abin da aka naɗa da waya ba MP3 ba ne, sai an juya su tukuna.

Kada a ba masu tura waƙa na bakin kasuwa katin su cika. Kwamfutocinsu suna yawan ɗauke da cutar nan da ke ɓoye folda, kuma sukan ƙara waƙoƙi da abubuwan da ba a nema ba, a kan katin da yara za su ji. A nemi sautin ta hannun ikilisiya, ko ma'aikatan Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Kamaru, ko daga Global Recordings Network, wadda ke ba da labaran Littafi Mai Tsarki na sauti kyauta da harsuna masu yawa, har da Hausa da Fulatanci. Bayan an sa katin a rufe ramin da salatif. Yana tare ƙurar hunturu, yana hana manyan yara cirewa su sa a waya, kuma katin ƙarami ne ƙwarai, mai rarrafe zai iya haɗiye shi.

Shawarar da na fi ba da muhimmanci a nan ita ce a yi kati biyu. Ɗaya na Sabon Alkawari ko dukan Littafin, na manya. Ɗaya na yara, mai zaɓaɓɓun labarai kamar 40 zuwa 60, kowanne minti biyu zuwa huɗu. Rediyon bai san aya ba, sura kawai ya sani, sura kuma sau da yawa ta fi ƙarfin zaman yaro: Luka 1 aya 80 ce. Da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, wani matashin ikilisiya mai kwamfuta zai iya yanka Luka 15 gida uku, ɓatacciyar tunkiya daga aya 1 zuwa 7, ɓataccen kuɗi 8 zuwa 10, ɓataccen ɗa 11 zuwa 32. Aikin yini ɗaya ne, kuma in an yi shi sau ɗaya dukan gidajen ikilisiyar za su kwafa.

Wa aka ɗora wa aikin?

Maimaitawar Shari'a 6:6-7, wadda masu tsohuwar fassara suka sani da Kubawar Shari'a, ta fara da cewa maganar ta zauna a zuciyar babba tukuna, sannan ya koya wa 'ya'yansa, ya riƙa zancenta a zaune a gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya da tashi. Zance ake nufi, magana mai zuwa da komowa tsakanin uba da ɗa. Afisawa 6:4 ubanni ta kira da suna. A 1529 da Martin Luther ya rubuta ƙaramin katakisim ɗinsa, littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, wanda ikilisiyoyin Lutaran na Ngawundare da Garwa da Yagwa suka gada, bisa manyan sassansa ya rubuta cewa haka maigida zai koya wa iyalinsa cikin sauƙi. Bai ce fasto ba. Majalisar Vatican ta Biyu ma, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1964 ta kira iyali ikilisiyar cikin gida, ta ce iyaye ne masu shelar bangaskiya na farko ga 'ya'yansu, da baki da kuma hali. A kan wannan batu Katolika da Furotesta bakinsu ɗaya.

Da wannan ma'auni nake auna rediyon, kuma a nan ne halinsa na asali ya saɓa wa abin da ake nema. An ƙera shi ne ya yi ta yi ba tsayawa, in fayil ya ƙare na gaba ya hau. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne a rataye shi a ƙusa tun magariba, Mama na tuƙin tuwo, Baba bai dawo ba, yara na guje-guje, shi kuma yana ta karanta Ibraniyawa. Iyaye su ji hankalinsu ya kwanta cewa Maganar Allah na tashi a gidan. Yaron da ya saba jin Nassi a matsayin ƙarar da ba ta neman amsa, haka zai riƙa jin sa a majami'a ma. Lokacin da Filibus ya tambayi mutumin Habasha ko yana fahimtar abin da yake karantawa, a Ayyukan Manzanni 8, amsar da ya bayar ita ce yaya zai fahimta in ba wani ya bishe shi ba. Babban ma'aikacin sarauniya ke nan mai littafi a hannu, balle yaro ɗan shekara shida.

Yohanna Kirisostom, mai wa'azin Antakiya da ya zama bishop na Kustantiniya ya rasu a shekara ta 407, ya bar wata hanya da ta dace da wannan na'ura ƙwarai. Ya ce uba ya ba yaro labarin Kayinu da Habila da yamma, uwa na zaune tana taimakawa. Wani maraicen a sake. Daga baya a ce wa yaron shi ya ba da labarin. Sannan a kai shi majami'a, ranar da ya ji ana karanta abin da ya riga ya sani zai yi murna. Bayan wannan ya zauna sai a wuce zuwa Yakubu da Isuwa.

A aikace ga yadda za a yi. Babban da zai jagoranta ya fara jin labarin shi kaɗai da rana. Bayan abincin dare a shimfiɗa tabarma, kowa ya zauna, a kashe tocilar rediyon domin tana cin batir tana kuma ɗauke hankali. A kunna labari guda, da ya ƙare a danna tsayawa kafin na gaba ya hau. A fara tambaya daga ƙarami, don in babba ya rigaya amsawa ƙaramin ba zai ƙara buɗe baki ba: "Auta, wa ya tafi neman tunkiyar? Da ya same ta me ya yi?" Sannan manyan: me wannan ya nuna mana game da Allah? A rufe da gajeriyar addu'a da ta fito daga labarin, da Addu'ar Ubangiji tare. Minti 10 zuwa 15 ya isa. A maimaita labarin dare uku, a na uku kada a kunna rediyon sam, yara su faɗa da bakinsu. Aya ɗaya ta haddacewa a mako ta wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsawaitawa. Baba ya ji daɗi ya shiga wa'azin rabin awa, gobe in aka ɗauko rediyon sai yara su fara hamma tun ba a kunna ba.

A rage sauti daidai tabarmar. A gidan haya da ake zaune da Musulmi, ƙure murya lokacin da maƙwabci ke salla ba shaida ba ce, kuma yara suna koyon yadda ake zama da mutane daga irin wannan.

Ba kowace sura ce ta kowane yaro ba

Dukan Nassi hurarre ne, amma wannan bai sa Littafin Mahukunta 19, ko 2 Sama'ila 13, ko Farawa 19 da 34 da 38 sun zama abin da za a bar ɗan shekara biyar ya ji shi kaɗai ba. Rediyon da aka bari yana tafiya zai kai can. Kirisostom kansa ya jera abin bisa shekaru: labarin ruwan tsufana da na Saduma wajen shekara takwas zuwa goma, zancen Jahannama kuwa sai yaro ya kai goma sha biyar ko fiye. Ba dole a bi lissafinsa daidai ba, amma tunanin da ke bayansa mai kyau ne.

Ga yankinmu akwai ƙarin dalili. Sautin Littafi Mai Tsarki iri biyu ne, akwai na mai karatu ɗaya, akwai na wasan kwaikwayo mai muryoyi da kiɗa da ƙarar taro. Yara sun fi son na biyu, kuma ga labaran misalai da mu'ujizai yana da kyau. Amma a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava akwai yaran da suka gudu da dare daga harin Boko Haram, suka ji ihu da kunnensu. Kisan jariran Baitalami a Matiyu 2, mai aljanu na Markus 5, dukan da aka yi wa Yesu kafin gicciye, in suka zo da ƙarar kuka da ihu cikin duhu, suna iya tayar wa irin wannan yaro da abin da ya kwanta. Alamarsa firgita cikin barci, fitsarin kwance bayan ya daina, ko manne wa uwa. Ga waɗannan gidaje a zaɓi na mai karatu ɗaya, a ji labarin gicciye da rana, yaron na jikin babba, kuma kada a tashi sai an kai ga tashin Yesu daga matattu.

Abin da za a ƙara a katin yara ya danganta da ikilisiya. Lutaran da Katolika suna yi wa jarirai baftisma, don haka a wurinsu koyarwar gida ciyar da abin da Allah ya riga ya ba yaron ne, da cika alkawarin da iyaye suka ɗauka a ranar. Su za su so Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da Addu'ar Ubangiji. 'Yan Baftis da 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, suna miƙa jariri ga Allah su jira ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, don haka sun fi karkata ga labaran Bishara da ayoyin haddacewa. Bambancin na gaske ne, ba kuwa rediyo ne zai raba gardamar ba. Sai dai duka biyun sun tsaya a kan Markus 10:13-16, inda Yesu ya ji haushin almajiran da suka hana a kawo masa yara, ya rungume su ya sa musu albarka. Wannan ya kamata ya zama fayil na 001 a katin yara na kowane gida.

Zancen sanda

Mai sauraron Karin Magana, wato Misalai, zai ci karo da sanda a 13:24, da 22:15, da 23:13-14, da 29:15. Rediyon zai karanta su da murya ɗaya da sauran, ba bayani. Kiristoci ba su taru a kan fassara guda ba. Wasu suna ganin an yarda da bugu mai iyaka, ba cikin fushi ba. Wasu suna ganin sandar tana nufin horo da ikon iyaye gaba ɗaya, suna nuna cewa Sabon Alkawari bai umarci iyaye su doki 'ya'ya ba, abin da ya nanata shi ne kada ubanni su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a Afisawa 6:4, kada kuma su matsa musu har su karai, a Kolosiyawa 3:21. Kirisostom, wanda ba mai sassauci ba ne, ya gargaɗi ubanni kada su saba wa yaro da duka, domin wanda ya saba da shi zai raina shi.

Ni dai ina tare da masu ganin horo ya fi bulala faɗi. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma a hankali ake yi da hannu, mai yi da ƙarfi karya shi yake yi. Ko wanda ya riƙe fassarar farko ba shi da wata aya da ta ba shi izinin dukan da ke barin tabo, ko marin jariri, ko hana abinci, ko huce haushin kasuwa a jikin yaro. Yaro kamannin Allah yake ɗauke da shi kamar uban da ya haife shi, Zabura 127:3 ta kira shi gādo daga Ubangiji, Matiyu 18:6 kuma ta yi magana mai nauyi a kan wanda ya sa ƙaramin da ya gaskata tuntuɓe. Malaman makarantar Lahadi su tuna kuma cewa dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta haramta horon duka a makarantu. Abin da aka hana malamin boko bai kamata a same shi a ƙarƙashin rumfar majami'a ba.

Inda rediyon ke shiga shi ne nan: kada a mai da shi mai shaidar Baba. Akwai gidajen da in yaro ya yi laifi sai a kunna masa farkon Afisawa 6, inda aka ce 'ya'ya su yi biyayya, a kashe kafin aya ta 4. Yaro ba wawa ba ne, wata rana zai ji sauran. A bar ayoyin huɗu su tafi tare, kuma uba ya ji nasa kason a gaban 'ya'yansa. Kada kuma a sa sauraron Nassi ya zama hukunci, irin "zauna nan ka ji sura uku tunda ka ƙi ji". Laifi a yi maganinsa daban, lokacin addu'a kuma a bar shi ya zama wurin da ake neman gafara ana bayarwa. Aya ta 5 zuwa ta 9 na surar nan suna maganar bayi da iyayengiji. A gidan da ake riƙon ɗan wani, ko akwai 'yar aiki, kada a bar su su wuce ba bayani, don kada yarinyar ta ɗauka da ita ake. Ɗan riƙo da maraya tabarma ɗaya za su zauna da 'ya'yan gida, a tambaye su kamar kowa, kada a ce su je wanke-wanke lokacin da ake ji.

Harshe da muryar gida

Yaro a Garwa yakan yi Fulatanci a waje, Faransanci a makaranta, Hausa a majami'a, wataƙila Mafa ko Kapsiki ko Mundang da kakarsa. Kada a ɗauka cewa harshen da iyaye ke sujada da shi shi ne yaron ya fi ji. A kunna masa labari ɗaya da Hausa, wani da Fulatanci, a ce ya maimaita, wanda ya fi kawowa dalla-dalla shi ne nasa. Hausar sautin ma ta Najeriya ce, akwai kalmomin da yaron nan bai taɓa ji ba, sai an tsaya an warware. A duba kuma ko fassarar da ke katin ta yi daidai da littafin da ke gidan. Ta 1932 tana cewa Matta da Yohanna, wadda ta biyo bayanta tana cewa Matiyu da Yahaya, kalmomin ayoyin ma sun bambanta. Yaron da ya haddace da ɗaya aka tambaye shi da ɗaya zai rikice, a ɗauka bai yi ƙoƙari ba.

Amfanin rediyon da na fi so shi ne wanda ba a cika yi ba: a naɗi muryar mutanen gida a sa a katin. Kaka ta faɗi Zabura 23 da harshenta, uban da aiki ke kai shi Kusiri ko Njamena ya naɗi addu'ar dare da sunan kowane yaro. Da waya ake naɗa a ɗaki shiru, bakin mai magana kamar taƙi ɗaya daga wayar, a juya zuwa MP3, a zuba a ƙarshen jerin don kada lambobi su rikice. Bangaskiyar Timoti ta hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta zo, mahaifinsa kuwa Bahelene ne. Gwauruwa, ko matar da mijinta ba ya bi, ba ta rasa ikon jagorantar wannan zama ba.

In aka gwada shi da waya, rediyon ya fi dacewa da ƙananan yara domin ba shi da hoto, ba intanet, ba saƙon da zai shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, masu biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Akwai kuma na'urorin da aka ƙera musamman don Littafi Mai Tsarki, irin su Proclaimer da MegaVoice. Sun fi ƙarko, neman littafi da sura ya fi sauƙi a kansu, amma ta hannun ikilisiyoyi da ƙungiyoyin mishan suke zuwa, ba kasafai ake ganinsu a kasuwa ba. Wanda ya samu ya karɓa, sai dai katin yara da muryar kaka sun fi sauƙin shiga na kasuwar.

Ranar saye a tafi da katin da aka riga aka shirya, kada a gwada da na mai shago. A sa shi, a danna 38 a ji ko Markus 10 ne ya fito. A danna tsayawa, a jira minti ɗaya, a sake kunnawa a ga ko ya ci gaba daga inda ya tsaya. A kashe shi gaba ɗaya a kunna, domin wasu suna tuna wurin, wasu suna komawa fayil na farko da sauti a ƙure, abin da ke tayar da jariri daga barci. A saurare shi a ƙaramin sauti, tunda da magana za a yi amfani da shi: mai kaurin kiɗa sau da yawa yana dusashe kalmomi. A girgiza shi a ji ko karatun ya yanke, alamar ramin kati ko mazaunin batir ya yi sako-sako ke nan. A jona caja a ga fitilar caji ta kama, a ɗan motsa wayar a ga ko tana ɗaukewa, don bakin caji shi ne ya fi saurin lalacewa a hannun yara. In duk ya wuce, a sayi batir na biyu tun a nan, a kuma yi magana da mai shagon a gaban shaida kan kwana nawa zai karɓi rediyon in ya ƙi aiki.